Kurakuran da ake yi da garaɓasar ƙarshen shekara

Duk watan Disamba sai na ga sababbin ma'aikata suna maimaita ɓarna iri ɗaya da kuɗin da ake kira albashin wata na 13, wato ƙarin albashin da wasu wuraren aiki suke bayarwa a ƙarshen shekara, har abin ya kai ga ba zan iya yin shiru ba.

Babban kuskure shi ne kashe kuɗin tun bai shigo hannu ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta wajabta wa kowace ma'aikata biyan wannan kuɗi ba. Kyautatawa ce da wasu bankuna da kamfanoni da gwamnatocin jihohi suke yi idan sun ga hali, sai fa idan an rubuta shi a takardar ɗaukar aiki. Ko an biya ma, yana cikin kuɗin da ake cire wa haraji, don haka abin da zai faɗo a asusu bai kai abin da mutum ya lissafa a ransa ba. Akwai shekarar da na karɓi firji da kujeru bashi tun a Nuwamba, bisa alkawarin zan biya da garaɓasa, sai wurin aikinmu ya ba da rabin abin da aka saba, kuma ragowar bashin ya bi ni har tsakiyar shekara, yana cin kuɗin cefane. Cinikin biri a sama ke nan. Tun daga lokacin ba na saka wannan kuɗi a lissafi sai na ga alat, kuma ko ya shigo nakan bar shi mako guda ban taɓa ba, domin zumuɗin ranar farko shi ke kai mutum kasuwa.

Na biyu, wanda ya fi ba ni haushi, shi ne mantawa da Janairu. Ma'aikatu da yawa suna biyan albashin Disamba da wuri saboda Kirsimeti, wajen ranar 20 ga wata, sannan na gaba ba zai zo ba sai ƙarshen Janairu. Kusan kwana 40 ke nan a kan albashi ɗaya, kuma a cikinsu ne yara za su koma makaranta zango na biyu, mai gida kuma ya aiko neman kuɗin haya. Ta yaya magidanci da hankalinsa zai ɗinka kaya kala uku a Disamba, sannan a mako na biyu na Janairu a koro masa yara saboda kuɗin makaranta? Wannan sakaci ne, kuma yaran ne suke shan kunyarsa a gaban 'yan ajinsu. Abin da nake yi shi ne in je makarantar tun kafin a dawo hutu, in biya, in karɓi rasit, sannan in kai wa mai gida wani abu daga kuɗin haya ko da lokaci bai yi ba. Abin da ya rage bayan haka shi ne garaɓasata ta gaskiya.

Disamba watan bukukuwan aure ne, kuma ba kowane anko ne ya zama dole ba. Gudummawa daidai ƙarfi ta wadatar. Rabon iyaye da na zumunci nakan ware shi tun farko, da adadinsa, ba na kuma shelar cewa an biya mu. Mai tafiya gida hutu ya ajiye kuɗin motar dawowa daban.

Masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda suna farautar mutane a wannan lokaci. A Disambar 2016 ne MMM, wata kafar intanet mai alkawarin riba mai yawa cikin wata guda, ta rufe asusun jama'a, kuma har yau irinta suna fitowa da sababbin sunaye a waya.

Akwai kuma masu zuba ragowar a banki su manta, alhali a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ni hatsi nake saya, domin bayan kaka masara da gero da wake sukan yi sauƙi a Dawanau da kasuwannin ƙauye. Waken nakan zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, in ɗaure da kyau, ƙwari ba sa cinsa kuma ba sai an sa magani ba. Hatsin ci a gida nake nufi, ba na ɓoyewa don jiran tsada ba, domin a 2025 farashin hatsi ya faɗi kuma masu ɓoyo da yawa sun tafka asara. A shekarar an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kusan kwana 11, saboda haka geron kunu da sukarin buɗa-baki ma a cikin wannan kuɗi nake saye su.