Yadda Al'umma Za Ta Bi Kadin Haƙƙinta Idan Aka Zo Buɗe Wurin Haƙar Tsakuwa a Garinta

Da wuya a fara wannan harka da sanarwa. Wata rana dai sai a ga baƙi sun faka mota a gindin dutsen bayan gari, suna ɗauke da na'urar awo, suna kafa turaku masu jan fenti. Bayan ɗan lokaci a ji an kira dagaci taro a birni. Kafin mutane su farga, katafila ta fara share hanya, tifofi sun yi layi. Tsakuwa kuwa dole ce, da ita ake zuba kankare, da ita ake shimfiɗa titi, kuma matasa na samun abin yi a wurin. Sai dai ƙarfin mutanen gari yana nan ne kafin a sa hannu a takarda. Tun ran gini tun ran zane. Ga hanyar da za a bi a Najeriya.

Mataki na farko: ku san wanda ke da wuƙa da nama

Mutane da yawa na tafiya sakatariya su yi wa ciyaman ca a kan ya soke lasisi, alhali ba shi ya bayar ba. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulki na 1999 ya damƙa dukkan ma'adanai a hannun gwamnatin tarayya, kuma dokar ma'adanai ta 2007 ta haɗa har da dutse da tsakuwa da yashi da burji. Ofishin rajistar lasisin ma'adanai da ke Abuja, a ƙarƙashin Ma'aikatar Bunƙasa Ma'adanai, shi ke bayar da lasisin fasa dutse. Wa'adinsa shekara 5 ne, ana iya sabuntawa, kuma filin ba ya wuce murabba'in kilomita 5.

Don haka tambayar farko ga duk wanda ya zo da turaku ita ce: mene ne sunan kamfanin, ina lambar lasisin, ina taswirar iyakar filin? Ku bambance lasisin bincike da lasisin haƙa, domin mai na farko ba shi da ikon fara lodi yana sayarwa. Rasit ɗin haraji na ƙaramar hukuma ba lasisi ba ne, komai yawan hatimin da ke kansa.

Mataki na biyu: kwamiti, da batun sa hannu

Ku kafa kwamiti tun da wuri, kuma kada ya zama na masu faɗa a ji kaɗai. A sa manoman da gonakinsu ke maƙwabtaka da dutsen, da makiyayan da burtalinsu ya ratsa ta wurin, da liman, da shugaban makarantar firamare, da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, da wakiliyar mata, tunda su ne za su riƙa shanya tsaba da wanki a cikin ƙura. A samu magatakarda mai rubuta duk abin da aka tattauna, da kwanan wata da sunayen mahalarta.

Nan ne gizo ke saƙar. Sashe na 100 na dokar 2007 ya ce idan filin na wani ne ko wani na amfani da shi, sai an sanar da shi an kuma samu amincewarsa kafin a ba da lasisi. Wannan takardar amincewa ita ce abu mafi tsada da gari ke da shi, kuma ita aka fi sayarwa da arha. Sau da yawa mutum ɗaya ake keɓewa a ɗaki, a ba shi abin goro, ya dangwala hannu da sunan kowa. Ku je wa dagaci da hakimi cikin girmamawa, ku ce: “Ranka ya daɗe, muna roƙon duk takardar da za a sa wa hannu a kan dutsen nan a fara karanta ta a bainar jama'a, da Hausa.” Basaraken kirki zai ji daɗin wannan, domin kun sauke masa nauyin da zai iya zame masa abin kunya nan gaba. Idan kuma kun gano an riga an sa hannu da sunan masu gonaki ba da saninsu ba, su rubuta takardar ƙin amincewa zuwa ofishin rajistar lasisi ba tare da jinkiri ba.

Ku duba sashe na 3 na dokar ma. Ya hana ba da lasisi a filin da gari ko ƙauye ko kasuwa ko maƙabarta ke kai. Idan turakun sun shiga maƙabarta, kun samu hujja mai ƙarfi.

Mataki na uku: ku ajiye shaidar yadda gari yake yau

Wannan aikin kwana biyu ne, amma shi ke raba gardama bayan shekara uku. A bi gidajen da ke kusa ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoton kowane bango da waya, ciki da waje, har da masallaci da ajujuwan makaranta. Inda akwai tsohuwar tsaga, a ɗora tsinken ashana a kanta kafin a ɗauka, don a ga faɗinta. A zura guga a kowace rijiya, a ƙulla igiyar daidai inda ta taɓa ruwa, a auna a rubuta, sau ɗaya da rani sau ɗaya bayan damina. A ƙirga itatuwan amfani: ɗorawa, kaɗanya, mangwaro, kuka, giginya. A ɗauki hoton kwalbatoci da gadar shiga gari. Ranar da bango ya tsage, abin da kamfani zai fara cewa shi ne dama can ginin ƙasa ne, ya tsufa. Hoto mai kwanan wata ne zai amsa masa.

Mataki na huɗu: rahoton tasirin aikin ga muhalli

Dokar 1992 ta wajabta a yi nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke tantancewa. Akan baje rahoton na tsawon ranakun aiki 21 domin jama'a su karanta su yi ƙorafi, kuma sakatariyar ƙaramar hukuma na cikin wuraren da aka saba ajiye shi. Kundi ne mai kauri da Turanci, yawanci yana can kan kanta yana shan ƙura har wa'adin ya cika. Ku nemi ɗan gari da ya yi karatun kimiyya ko injiniya ya zauna da shi.

Abin da za a nema ba shi da yawa. Nisan wurin daga gida mafi kusa, tunda ƙa'idojin fasa dutse na 2013, waɗanda NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ke kula da su, sun hana kafa wurin fasa dutse ko tayar da nakiya a ƙasa da kilomita 3 daga inda mutane ke zaune. Ta ina iskar hunturu za ta kaɗa ƙurar injin niƙa, domin ƙurar dutse ba irin ta hanya ba ce, tana daskarewa a huhu ta bar tabon da ba ya warkewa. Tifa nawa za ta wuce a rana, ta wace hanya. Ina za a ajiye nakiya, wa zai tsare ta. Wanda ya tuna fashewar da ta rusa gidaje a unguwar Bodija ta Ibadan a watan Janairun 2024, wadda gwamnatin Oyo ta danganta da nakiyar masu haƙar ma'adanai da aka ɓoye a cikin gida, ba zai raina wannan tambaya ba.

Mpape da ke gefen Abuja darasi ce a kan batun nisa. Shekara da shekaru ana fasa dutse a can domin gina birnin, gidaje kuma suna ta matsowa har suka kewaye ramukan. Da aka ji motsin ƙasa a yankin a watan Satumbar 2018, hukumomi suka dakatar da fasa dutse a wurin. Don haka ku yi lissafi da inda garinku zai faɗaɗa nan da shekara goma, ba inda ya tsaya yau kaɗai ba.

Ku rubuta ƙorafinku kafin wa'adin ya ƙare, kuma ku halarci zaman jin ra'ayin jama'a idan an kira.

Mataki na biyar: ku sa ƙaramar hukuma ta yi nata aikin

Ciyaman ba zai iya soke lasisi ba, amma kada ku yarda ya fake da cewa harkar ta Abuja ce. Dokar 2007 ta kafa kwamitin kula da ma'adanai da muhalli a kowace jiha, wanda ake kira MIREMCO, kuma ƙaramar hukuma na da wakili a cikinsa duk lokacin da ake maganar yankinta. Kwamitin na duba batun diyya da gurɓatar muhalli da saɓani tsakanin kamfani da jama'a. Ku tambaya wa zai wakilce ku, ku ba shi ƙorafinku a rubuce. Bayan haka, dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallakar gargajiya a filayen karkara, hanyoyin cikin ƙauyuka nata ne, ma'aikatan duba-gari ma nata ne.

Ku bi ta hannun kansilan mazaɓarku ya gabatar da batun a zauren majalisa. Kowace wasiƙa ku yi ta kwafi biyu, a buga wa naku hatimin karɓa da kwanan wata. Alƙawarin baki a ofishin ciyaman ba ya wuce ranar da aka rushe majalisar aka naɗa kantoma. Idan wata hukumar tarayya ta yi muku rowar takarda, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ta kwana 7 ta amsa.

Mataki na shida: yarjejeniyar raya al'umma

Idan gari ya amince a yi aikin, sashe na 116 na dokar ma'adanai ta 2007 ya wajabta wa mai lasisi ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin kafin ya fara, kuma ana sake duba ta duk bayan shekara 5. Kada ku karɓi jimla irin “kamfani zai taimaka wa gari gwargwadon hali”. A rubuta adadi da lokaci: rijiyar burtsatse nawa, a wace unguwa, zuwa wane wata. Matasa nawa za a ɗauka, a wane irin aiki. A rubuta sa'o'in tayar da nakiya, da jiniyar gargaɗi kafin a tayar, ban da lokacin tashin makaranta da na sallar Juma'a. A rubuta cewa tanka za ta riƙa yayyafa ruwa a hanya, tifofi su rufe kaya da tamfol, da wanda zai gyara kwalbati idan ta karye. Diyyar amfanin gona da itatuwa da kuɗin hayar fili haƙƙin masu gonaki ne daban, kada a cusa su cikin ayyukan gari a ce an biya.

Abin da aka fi mantawa shi ne ramin da za a bari. Kamfani zai kwashe injinansa ya tafi, ramin ya cika da ruwa ya zama kududdufi mai zurfi da gaɓa a tsaye, yara su riƙa zuwa wanka. Doka ta ɗora wa mai lasisi alhakin gyara wurin, amma ku sa a rubuta shi filla-filla: shinge tun daga ranar farko, cike rami ko kwantar da gaɓarsa, da dashen itatuwa. Ku ba lauya ya duba kafin kowa ya sa hannu, kwafi kuma ya zauna a hannun mutane da dama.

Idan aka saɓa

Ku fara da wasiƙa ga kamfanin, haɗe da hotunan da da na yanzu. In bai motsa ba, ku kai wa jami'in ma'adanai na tarayya da ke jiharku da ofishin NESREA, ku ba ƙaramar hukuma da MIREMCO kwafi. Hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafen jama'a ma tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo. Kotu na nan a ƙarshe. Ku ja kunnen matasa kada su tare hanya ko su taɓa injin kamfani, domin daga ranar maganar za ta tashi daga tsagewar bango ta koma belin waɗanda aka kama.