Yadda Za a Nuna wa Yaro Abin da Ke Riƙe da Bene

Yaro ɗan shekara biyar zuwa takwas idan ya ga bene mai hawa goma, tambayarsa ɗaya ce: me ya hana shi faɗuwa? Amsar wannan tambaya ita ce darasin gaba ɗaya. Nauyin kowane gini ƙasa yake nema. Daga dekin ya sauka kan bim, wato dogon kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai, bim ya ɗora wa ginshiƙi, ginshiƙi ya miƙa wa fandisho, fandisho kuma ya baza shi cikin ƙasa. Da baki kawai yaro ba zai kama wannan ba. Sai ya gina da hannunsa, abin ya rushe a gabansa, sannan a tambaye shi ta ina ya fara karyewa.

A fara da fandisho, tunda shi ne ido ba ya gani. A cika faranti mai zurfi da yashi mai ɗan danshi, a kafa fensir huɗu a tsaye, a ɗora littafi a kai, yaron ya danna da tafin hannu. Za su nutse, kuma wani zai fi wani nutsewa, littafin ya karkace. Sai a sake, amma a sa murfin kwalba ƙarƙashin kowane fensir. Wannan karon ba za su nutse sosai ba: nauyin bai canza ba, wurin da ya zauna ne ya faɗaɗa. A nan za a iya gaya masa cewa Burj Khalifa na Dubai, wanda aka buɗe a 2010 mai tsawon mita 828, yana zaune ne kan turakun kankare da aka nutsa kusan mita 50 cikin ƙasa.

Jerin bulo ba ya cin lokaci. Kwalin ashana 20 sun isa. A jera bango ɗaya gaɓa kan gaɓa, ɗayan kuma kowane kwali ya hau tsakiyar biyun da ke ƙarƙashinsa, kamar yadda birkila ke yi. A tura da yatsa. Na farkon zai tsage daga sama har ƙasa.

Ginshiƙi ya fi ba yara mamaki. A ɗauko fallen takarda huɗu, a naɗe kowanne ya zama bututu mai faɗin yatsu biyu zuwa uku, a manne da salatif, a tsayar da su kusurwa huɗu, a ɗora kwali mai ƙwari a sama. Yaron ya riƙa ɗora littattafai ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa. Takardar da ba ta iya tsayuwa da kanta za ta ɗauki tarin littattafai. Abubuwa uku ke ɓata wannan gwaji: bakin bututun bai daidaita ba, sai ɗaya ya ɗauki nauyin 'yan uwansa, ko takardar ta riga ta lanƙwashe a wani wuri, daga nan za ta durƙushe, ko an jibge littattafan gefe guda. Kada a gyara masa a ɓoye. A bar shi ya ɗago bututun da ya lotse ya duba. Wannan ne dalilin da ya sa magini ke rataya igiya mai nauyi a baki ya auna ginshiƙi kafin a zuba kankare.

Rodi shi ne wurin da ya kamata a daɗe. Kankare yana jure dannawa ƙwarai, amma ja yana tsaga shi da sauƙi, ƙarfe kuwa ja ba ya damunsa. A samo guntun soson katifa mai tsayi, a ja layuka a tsaye a gefensa da biro, a ɗora bakinsa biyu kan gwangwani biyu, a danna tsakiya. Layukan za su matse ta sama, su buɗe ta ƙasa. To, inda ya buɗe nan ne rodi ke zama a cikin bim.

Daga nan sai a yi bim na laka. A kwaɓa yumɓu gwangwanin madara biyu da yashi gwangwani ɗaya, a yanke gefe guda na kwalin man goge baki biyu, a shimfiɗa leda a ciki. Na farko a cika shi da laka zalla. Na biyu a zuba laka kaurin rabin yatsa, a jera tsinken tsintsiya biyar a tsawonsa, sannan a cike. A shanya a inuwa kwana biyar, domin rana tana busar da waje ciki na ɗanye, sai ya tsattsage tun kafin gwaji. Idan sun bushe a ɗora kowanne kan gwangwani biyu, a rataya ƙaramin bokiti a tsakiya, a riƙa zuba yashi. Na zalla zai karye fat, gida biyu. Mai tsinke zai tsage amma ya riƙe. Kuskuren da aka fi yi shi ne kifa bim ɗin tsinken ya koma sama, don haka a yi masa alama tun yana ɗanye.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufinsa, aikin Babban Gwani Mika'ilu a wajajen 1830, azara ce a cikin laka. Hasumiyar masallacin Agadas mai kusan mita 27 ma ta ƙasa ce, ƙasanta da faɗi samanta a tsuke, itatuwa sun leƙo daga jikinta ana takawa idan za a yi yaɓe.

Siminti na gaske kuwa babba ne kaɗai zai taɓa shi, don ɗanyensa yana cin fata, ƙurarsa kuma tana illa ga ido. Yaro ya tsaya a kan awo: siminti gwangwani 1, yashi 2, tsakuwa 4, ruwa kaɗan kaɗan har ya kama jiki. Ruwa in ya yi yawa kwaɓin zai yi daɗin zubawa, amma ƙarfin ya tafi. A zuba a roba biyu, ɗaya a riƙa jiƙa shi kullum har kwana 7, ɗayan a bar shi a rana, daga baya a kankare kowanne da ƙusa. Kankare da ruwa yake ƙarfi, shi ya sa ake ba sabon gini ruwa safe da yamma, kuma sai ya kwana 28 injiniyoyi ke ɗaukar ya kai ƙarfin da aka tsara masa.

Yaran da suka saba ƙera motar kara ba sa buƙatar dogon bayani kan kusurwa uku. Su haɗa kara huɗu da tsinke ya zama mai kusurwa huɗu, su tura gefe, zai kwanta. Su gitta na biyar daga kusurwa zuwa kusurwa, zai tsaya cak. Sai a nuna masu turken sabis na waya ko katakon rufin kwano su ƙirga irin wannan gittawa.

Bayan duk wannan ne zuwa kallon gini ke da amfani. A zaɓi wanda ake kan yi a unguwa, a tsaya daga tsallaken titi, ba a shiga da yaro, ba a kuma tsayawa ƙarƙashin inda ake aiki. A riƙa komawa duk mako ya zana abin da ya ƙaru. Ranar zuba dekin ta fi kowace: leburori a jere da kwanuka, injin kwaɓi na juyawa, gora ko katako cike a ƙasa sun tokare rufin. A tambaye shi me ya sa ba za a cire su gobe ba. Yawanci sai bayan mako biyu zuwa uku kafinta ke zuwa ya kwance su, kuma yaron da ya shayar da nasa kankaren kwana 7 zai iya ba da amsar da kansa.