Yadda mai haɗa manhaja zai riƙe masu tsofaffin na'urori

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a Janairun 2020. A nan Maradi, kwamfutoci da dama da ke kan teburan masu farmasi da ƴan sari na hannu ne, kuma wasunsu ba su da guntun tsaro na TPM 2.0 da Windows 11 ke buƙata. Don haka kafin ka yanke wa kowa tallafi, ka fara sanin wane Windows ko Android ne a hannun masu amfani da manhajarka, ko da ta hanyar zagaya shagunansu ne.

A ɓangaren Android, ka bambance minSdkVersion da targetSdkVersion, domin a nan ne matasan masu haɗa manhaja suka fi tuntuɓe. Abin da Google Play ke tilasta maka ka ɗaga kowace shekara shi ne na biyun, wato sigar Android da aka tsara manhajar don ta, na farkon kuwa, wanda ke fayyace waya mafi tsufa da manhajar za ta hau, yana hannunka. Idan ka ɗaga su tare, ka kori mai tsohuwar itel ko Tecno ba gaira ba dalili. Sai kayan aikin da ka dogara da su sun matsa maka za ka ɗaga minSdkVersion, kamar yadda Google Play services ya bar Android 4.4 a 2023.

Idan ranar rabuwa ta zo, ka fitar da siga ta ƙarshe don tsohon tsarin, wadda ba za ka ƙara mata komai ba sai gyaran kuskure. Ka adana duk kayan da ka gina ta da su a faifai na daban, domin a harsunan rubuta manhaja na Python da Go, Python 3.8 da Go 1.20 su ne sigogi na ƙarshe da ke aiki a Windows 7, kuma neman tsofaffin fayiloli da intanet mai tafiyar hawainiya ba ƙaramin ɓata lokaci ba ne.

Akwai wata matsala da ke shigowa ba sallama. Wayoyin da Android ɗinsu bai kai 7.1.1 ba ba su san tushen shaidar ISRG Root X1 na Let's Encrypt, mai bai wa shafukan intanet shaidar tsaro, ba, kuma tsohon sa hannun da ke rufa musu asiri ya ƙare a 2024, saboda haka manhajar kan kasa gaisawa da sabarka, wato kwamfutar da take karɓo bayanai daga gare ta, alhali intanet na aiki. Maganin shi ne ka saka wannan shaidar a cikin manhajar kanta.

Kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro kuma, ka shawarci mai ita ya cire ta daga intanet idan lissafin kaya kawai take yi. Ka sanar da shi watanni kafin ka daina tallafi, ta saƙon murya idan karatu na ba shi wuya, sannan ka sa masa maɓallin fitar da bayanansa a fayil ɗin CSV, wato jadawalin rubutu da manhajoji da yawa ke iya buɗewa, yadda littafin bashinsa zai bi shi zuwa sabuwar na'ura.