Yadda zaka tayar da tsohuwar Land Cruiser da tsatsa ta ci, a gida

Duk wanda yaga tsohuwar Land Cruiser a yashe, tayoyi sun sace, jiki duk yayi ja, abinda yake fara zuwa masa a rai shine fenti. Toh ka ajiye maganar fenti tukunna, shine na ƙarshe. Zan yi magana ne akan samfurin 70 da Toyota ta fara fitarwa a 1984, musamman mai injin gas ɗin nan 1HZ mai silinda 6, lita 4.2, wanda direbobi ke ji da shi tun daga Kano har Agadas, amma yawancin abinda zan faɗa zai maka aiki ko Hilux ce ko Pajero.

Da farko, kafin ka ɗauki sifana, ka duba takardu. Lambar shasi ta dace da wadda ke jikin takarda, kuma takardar kwastan tana nan. Kar ka zuba kuɗinka da guminka a motar da za'a ƙwace a shingen farko.

Sai shasi, kuma anan nake so ka ɓata lokaci sosai don shine motar, sauran duk ɗorawa akayi. A wanke ƙasan tas da ruwa mai ƙarfi, laka ta fita, a barta ta bushe. Ka ɗaga ta da jak amma don Allah kar ka shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita, kuma banda bulo na siminti, yana fashewa ba sallama. Ka samu ƙafafun ƙarfe ko gungumen katako mai ƙwari, ka tare tayoyin da suke ƙasa. Sannan ka kwanta da tocila da ƙaramar guduma da sukudireba, ka bi shasin daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe zaka ji yana ƙara ƙal ƙal, wanda ya ruɓe kuwa zaka ji dum, wani lokacin ma ɓawo ya zubo maka a fuska. Inda kake zargi ka danna sukudireba da ƙarfi, in ta shige toh wajen ya tafi. Ka fi maida hankali wajen da sifirin ya kama shasi, da wajen akwatin sitiyari, da ƙarfen da ya gitta a baya, da saman tankin mai inda laka ke kwanciya. Motocin da aka shigo dasu daga Turai ta Kwatano sun fi wannan ciwon, saboda can suna watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin ya shige cikin shasi ya dinga cinsa daga ciki, waje kuma kaga kamar ba komai.

In huji ɗaya ne ko biyu, ana yankewa a sa sabon ƙarfe mai kauri daidai da na asali, da walda ta lantarki, ba ta kabaid ba. In kuwa shasin ya lanƙwashe ko ruɓewar ta bi ko'ina, gaskiya ka tsaya anan, ko ka nemi wani shasin ko ka haƙura da motar. Kuma waldar shasi ba wajen koyo bane, ka kira gogaggen mai walda har gida ka biyashi haƙƙinsa, ran mutane ne zai hau kai.

In shasi ya tsallake, sai kwance kaya. Cire batir tukunna, sannan kujeru, kafet, bamba, fitilu. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka kwance komai, musamman wayoyin wuta, notika kuma ka zuba a leda ka rubuta daga inda suka fito, don bayan wata uku wallahi bazaka tuna ba. Notin da yaƙi motsi kar kayi masa ƙarfi ya karye a ciki, ka fesa masa WD-40 ko kananzir ka barshi ya kwana, gobe ka ɗan bubbuga ka sake gwadawa. Tankin mai a sauke shi a kaishi nesa kafin a kunna giranda ko walda.

Jikin motar kuma ka yaye kafet kaga ƙasan ƙafar direba, ka duba bakin gilashin gaba da gindin ƙofofi da saman tayoyi. Ka ɗauki maganaɗisu ka bi jiki, duk inda yaƙi kamawa toh wani ya taɓa cika wajen da fila, wato kwaɓin da ake cike lotsewar jikin mota da shi. Tsatsar sama sama burushin ƙarfe a jikin giranda ya isheta, ka goge har sai farin ƙarfe ya fito, sannan ka shafa maganin tsatsa, irin wanda ke maida ragowarta baƙa. Wadda ta huda kuwa ba abinda zai mata sai yanka da faci. A dinga waldar ɗigo ɗigo ana tsallakewa ana barinta tana hucewa, in aka ja ta a tafi ɗaya farantin zai murɗe saboda siriri ne. Ka sa tabarau da abin rufe hanci, ka ajiye bokitin yashi kusa, yara kuma su bar wajen.

Abinda yafi min ciwo shine inga an toshe huji da kwali ko raga an lafta fila a kai an fesa fenti. Kamar kayi yaɓe ne akan katangar da gara ta cinye, damina ɗaya zata tona asiri. Fila don gyara ɗan lotsewa akeyinta, kar kaurinta ya wuce milimita 3, kuma akan tsaftataccen ƙarfe.

Ranar da ka goge ƙarfe ranar zaka shafa masa firaima, wato shafin farko da akeyi kafin fenti, in ka barshi tsirara ya kwana musamman da damina, da safe zaka ga ya fara ja. Shasi a bashi firaima sannan baƙin fenti mai kauri, cikinsa kuma a fesa mai ta ramukan da ke jikinsa.

Yanzu inji. Kar ka sa batir ka murɗa makulli kawai don kaji kukansa. Ka cire hita, wato fulogin da ke ɗumama kowace silinda, ka ɗiga ɗan baƙin mai a kowace silinda, ka barshi kwana biyu, sannan ka juya injin da hannu da sifana ta gaban fuli. In ya zagaya lafiya, alhamdulillahi. Ka zubar da tsohon baƙin mai da tsohon gas, ka canza filtoci, ka wanke lagireto, ka duba ko ɓera yaci waya. Shi 1HZ da taimin bel yake aiki, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin, in baka san yaushe aka canza shi ba ka canza kawai, don in ya tsinke fistin zai daki bawul, aikin ya koma babba. Bayan ka sa sabuwar filtar gas akwai ɗan famfo a samanta, ka dinga dannawa har iska ta fita kafin ka tada.

Birki bana yarda a yi masa kwaskwarima. Bututun ƙarfen da suka yi tsatsa a canza, robobin da suka tsage a canza, man birki a zubar gaba ɗaya a sa sabo don yana shan ruwa in ya daɗe. Man giya da na akwatin fowil (giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja) da na aksil gaba da baya duk a juye, in kaga ya fito kamar madara toh ruwa ya shiga. Gwiwoyin aksil na gaba a buɗe a wanke a cika da sabon giris. Taya kuma ka karanta lambobi huɗun nan na gefe, 2318 na nufin sati na 23 a shekarar 2018, tsohuwar taya ko zanenta na nan bata da amana. Kaya zaka samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka tafi da tsohon a hannunka ka gwada, kar ka saya da ka.

Sai yanzu fenti. Samfefa mai lamba 80 a kan fila, sai 180, sai 320 a kan firaima. Kar ka fesa ranar da ƙurar hunturu ta taso ko hadari ya haɗo, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka fesa da sassafe, shafi uku sirara ana barin kowanne yasha iska.

Fitar farko kar kayi nisa, ka zaga unguwa a hankali kana taka birki, ka dawo ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi ka gani da safe ko wani abu ya ɗiga. Fowil ɗin kuma ka gwada ta a yashi ko laka, ka kulle hob, wato makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba, ka sa giyar fowil a H4 sannan L4, banda kan kwalta don tana wahalar da giya. Bayan sati ɗaya ka sake bin notikan taya da na sifirin ka ɗaure su.