Matakan Rage Jan Ƙafa Ga Masu Aiki Daga Gida

Idan kana jagorantar mutanen da kowa ke aiki daga gidansa, ka san ciwon "zan yi anjima".

Da farko, ka yanka aikin gunduwa-gunduwa. Kada ka ce wa mutum "rubuta rahoto"; ka ce "tattaro alƙaluman watan jiya, ka turo kafin azahar". Girman aiki ne ke sa gaban mutum ya faɗi: ya buɗe kwamfuta, ya zuba wa farin shafi ido, can sai ya sulale zuwa Facebook. A ganina wannan matakin ne ƙashin bayan sauran.

Na biyu, kowace safiya kowa ya rubuta a zauren WhatsApp abu ɗaya da zai kammala ranar. Ɗaya tak.

Na uku, ku ware awa guda ku haɗu a Google Meet, a rufe makirufo, kowa ya duƙufa kan nasa. Ku bi tsarin Pomodoro na Francesco Cirillo: minti 25 na aiki, hutun minti 5. Waya kuwa a bar ta a wani ɗaki.

Bayan la'asar, kowa ya faɗi inda ya tsaya. Wanda bai gama ba, kada a tsitsiye shi a gaban jama'a. Sau da yawa ba ƙyuya ba ce. Ko an ɗauke wuta, ko bai gane umarnin ba yana jin nauyin tambaya. Ka kira shi ku kaɗai, ku warware matsalar, ku tsayar da sabon lokaci.