Yadda za a koya wa yara masu tasowa kame kai daga zina

A fara wannan tarbiyya tun kafin jikin yaro ya soma sauyawa, domin alamomin balaga kan bayyana ga 'ya mace tsakanin shekara 8 zuwa 13, ga ɗa namiji kuma tsakanin 9 zuwa 14, kuma uwar da ta jira sai ranar da 'yarta ta ga jinin al'ada ta riga ta makara. Matakin farko tsarin gida ne. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya yi umarni da a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10, aya ta 58 ta Suratun Nur kuma ta ce su nemi izini kafin shiga ɗakin iyaye a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana, da bayan isha'i. Ko a tsofaffin gidajen Rafindadi da Ƙofar Marusa a birnin Katsina, inda ɗakuna suka yi wa jama'a kaɗan, ana iya ba kowa tabarmarsa da mayafinsa.

Sai a zaɓi wanda zai yi maganar. Kunya ta Bakatsine ba abin zubarwa ba ce, kuma sanin kowa ne uwa ba ta ko kiran sunan 'yar farinta, balle ta zaunar da ita a kan zancen haila. Amma al'adar da ta ɗora kunyar ta bar ƙofa: goggo da inna da kaka suna iya faɗa wa yarinya abin da uwa ba za ta furta ba, musamman kaka, wadda wasan jika ya riga ya sassauta tsakaninsu. Namiji kuwa a haɗa shi da kawunsa ko malaminsa na Islamiyya, wanda ya riga ya karantar da shi babin wanka da janaba a Ahalari ko Ishmawi, don haka kalmomin ba baƙi ba ne a bakinsa.

Wajen abin da za a faɗa nan ne aka fi yin kuskure. Jimlar nan da iyaye mata suka gada, wato “daga yau idan namiji ya taɓa ki kin yi ciki,” tana da illa, domin ranar da hannun wani ya gogi nata a cikin Keke Napep ba ta ga ciki ba, za ta ɗauki sauran gargaɗin duka a matsayin tatsuniya. Gara a gaya mata gaskiya cikin ladabi: saduwa ce ke kawo ciki, ko da sau ɗaya ne, kuma ta hanyarta ake ɗaukar ƙanjamau da ciwon sanyi da tunjere, wani lokaci daga mutumin da ba ya nuna alamar ciwo. A bayyana mata cewa ƙugun yarinyar da bai gama girma ba yana iya jawo doguwar naƙuda, wadda ita ce babban sanadin yoyon fitsari, cutar da ake yi wa mata aikinta a asibitin Babbar Ruga a nan Katsina. Bayan haka a kawo aya ta 32 ta Suratul Isra'i, a nuna cewa abin da aka hana shi ne kusantar zina, wato keɓewa, da hirar dare a waya, da kallon batsa, tun kafin a kai ga aikatawa.

Kada a bar 'ya'ya maza a baya, kamar yadda aka saba. Lokacin da wani saurayi ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi izinin zina, bai kore shi ba. Ya jawo shi kusa ya tambaye shi ko zai so a yi wa mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, sannan ya yi masa addu'a. Wannan salon ya fi tsawa shiga zuciyar ɗan shekara 13, kuma a nan ne za a sanar da shi cewa mafarki ba laifi ba ne, wanka kawai yake wajabtawa.

Sannan a ba yaro kalmomin da zai ƙi da su, a maimaita har su zauna a bakinsa. Goggo ta ce: “'Yar nan, idan mai shago ya ce ki shigo ciki ki karɓi kuɗin tallarki, me za ki ce?” Ta koya mata amsawa da ƙarfi: “A'a, Malam, miƙo mini daga nan,” ta kuma bar wurin ko da cinikin zai salwanta, tare da tabbacin cewa ba za a doke ta a gida saboda kuɗin ba. A sanar da su cewa babban da ya yi kyauta ya ce a ɓoye wa iyaye abin zargi ne, ko ɗan'uwa ne ko malami.

Idan yaro ya zo da labarin an taɓa shi ko an yi masa fyaɗe, a saurare shi ba tare da duka ko zagi ba, domin laifin na wanda ya aikata ne. A kai shi asibiti nan take kafin ya yi wanka, saboda maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara sha cikin awa 72, sannan a kai ƙara wurin 'yan sanda.