Yadda Mai Ciwon Soriyasis Zai Zaɓi Kayan Sanyi

Fatar mai lafiya kan ɗauki mako 3 zuwa 4 kafin ta sabunta, amma ta mai soriyasis, wato ciwon fata mai sa tabo da ɓawo, a kwana 3 zuwa 7 take yi, shi ya sa ɓawo ke taruwa a gwiwar hannu da ta ƙafa, da fatar kai, da ƙasan baya. Idan sanyi ya shigo abin ya kan ƙaru: iska ta bushe, rana ta yi ƙaranci, ga kaya masu kauri suna gugar jiki.

Fara da rigar da za ta taɓa fata, don nan gizo ke saƙar. Nemi auduga zalla mai laushi, ko siliki. Kafin ka saya, goga yadin a wuyan hannunka ta ciki. In ya ɗan soke ka a nan, to ka san yadda zai yi wa tabo bayan awa 8 a jiki. Ulu akwai ɗumi, akwai kuma ƙaiƙayi, foliyesta kuwa riƙe gumi take. Suwaitar ulu ba haramun ba ce, amma ta hau kan riga mai dogon hannu.

Sai ka juya rigar ka duba ɗinkin. Yanke takardar da ke wuyan rigar, ka kuma guji robar wando ko ta safa da ke barin shaida a jiki. Wannan ba tsirfa ba ce: likitan fata ɗan Jamus, Heinrich Koebner, tun ƙarni na 19 ya lura cewa sabon tabo kan fito a inda aka kurje ko aka ji wa rauni.

Riguna marasa kauri biyu ko uku sun fi jibgegiya guda, don in ka shiga ɗaki mai ɗumi sai ka cire ɗaya kafin gumi ya taru a hammata da matsematsi. Hula a samu mai shafin auduga. Kaya masu haske kuma sun fi baƙaƙe ɓoye ɓawon da ke zuba a kafaɗa.

Sabon kaya a wanke kafin a sa, da sabulu marar turare, a ɗauraye sau biyu.

Shafa mai ka jira ya shige kafin ka sa riga. Amma a kula, man shafawa, musamman mai maiƙo irin na basilin, yana jiƙa yadi, wanki ba ya fitar da shi duka, kuma irin wannan yadi saurin kama wuta gare shi. Da shi a jikinka, kada ka matsa kusa da murhu ko kyandir don jin ɗumi.